Yadda za ka fara karatun halayyar ɗan Adam a kwalejin shekara biyu a Amurka, ka ƙarasa a jami'a

Ranar da na gaya wa mahaifina abin da nake so in karanta, shiru ya yi, sannan ya ce, "Ke, wato likitar mahaukata za ki zama?" Na ce, "A'a Baba, so nake in gane abin da ya sa ƙanena ba ya barci." Tun rikicin Jos na Nuwamba 2008 yaron nan yake firgita da dare, kuma ba shi kaɗai ba ne a unguwarmu. Abin da ya kai ni ga ilimin halayyar ɗan Adam ke nan. Kuɗin jami'ar Amurka na shekara huɗu kuwa ya fi ƙarfin gidanmu, sai kawuna da ke zaune a jihar Texas ya ce in fara da kwalejin al'umma, mai shekara biyu. Tun da na dawo Jos iyaye ke tare ni da tambaya a kan wannan hanya, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Digirin farko a can yunit 120 ne a mafi yawan jami'o'i. Kana iya yin kusan 60 a kwaleji a kan kuɗi mai sauƙi, ka koma jami'a ka ƙarasa sauran, kuma sunan jami'ar ne zai fito a kan takardar digirinka. Ɗalibin waje yana biyan fiye da ɗan jiha, amma duk da haka ratar da ke tsakanin kuɗin kwaleji da na jami'a babba ce.

Kafin ka zaɓi kwaleji, zaɓi jami'ar da kake so ka ƙarasa a cikinta. A nan mutane suke yin tuntuɓe, ni ma a nan na yi. Shiga shafin sashen halayyar ɗan Adam na jami'ar, ka nemo jerin darussan da suke so ɗalibi ya zo da su, ka buga shi a takarda, ka riƙa bin sa kowane zango. A Texas kwalejoji da jami'o'in gwamnati suna da lambobin darussa na bai-ɗaya: PSYC 2301 shi ne darasin share fage, PSYC 2314 na girman ɗan Adam daga haihuwa zuwa tsufa, PSYC 2317 na ƙididdiga. Akwai kuma darussan gama-gari na yunit 42. Idan ka kammala su a kwaleji ɗaya, dole kowace jami'ar gwamnati a jihar ta karɓe su a dunƙule. Sai dai ba a tilasta mata karɓar fiye da yunit 66 daga kwaleji ba. A Kalifoniya shafin ASSIST ne yake nuna wane darasi ya yi daidai da wane, kuma rassa shida na Jami'ar Kalifoniya, ciki har da Davis da Riverside, suna da shirin TAG mai ba da tabbacin gurbi ga wanda ya cika sharuɗɗa. Berkeley da UCLA ba sa ciki.

Ni ban yi haka ba a shekarata ta farko. Son fannin ya ɗebe ni, duk darasin da na ga sunansa ya shafi tunani ko tabin hankali sai in yi rajista, lissafi kuwa na yi ta ɗaga shi. Da lokacin komawa jami'a ya zo, biyu daga cikinsu an karɓe su a matsayin cikon yunit kawai, na sake yin irinsu a aji uku. Zango guda ya tafi, da kuɗin da mahaifiyata ta tara da adashe. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Saboda haka ka fara da lissafi tun zangon farko. Mutane suna ɗauka wannan fanni hira ce da ba da shawara, alhali tun da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a Leipzig ta Jamus a 1879 ake gina shi a kan awo da gwaji. Za a yi maka jarrabawar tantance mataki da ka iso, a Texas ana ce mata TSI. Ka ɗauko littattafan lissafinka na WAEC ka yi bita sosai kafin ka zauna, don idan ka gaza za a sa ka a ajin gyara, wanda za ka biya kuɗinsa amma ba ya shiga lissafin digiri. Daga nan sai aljebra, sai ƙididdiga, wadda ita ce ƙofar darasin hanyoyin bincike a jami'a. Ka haɗa da bayoloji, domin maganar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi tana jiranka a gaba.

Ka ajiye manhajar kowane darasi da ka yi. Idan jami'a ta yi shakkar wani, manhajar ce hujjarka. Yawancin jami'o'i ba sa karɓar darasin da aka ci ƙasa da C, kuma idan matsakaicin makinka ya kai wajen 3.5 cikin 4, ƙungiyar Phi Theta Kappa, ta ɗaliban da suka yi fice a kwalejojin shekara biyu, za ta gayyace ka. Ka shiga, don jami'o'i da dama suna ware wa mambobinta tallafin karatu.

Abin da na fi mora a kwaleji shi ne ƙarancin ɗalibai a aji. Malamar da ta koya mini ƙididdiga ta san sunana, ta san inda nake kakarewa, ita ce kuma ta rubuta wa jami'a wasiƙar ba da shaida a kaina. Je ofishin malamai a sa'o'in da suka ware. Kunyar da aka tarbiyyantar da mu da ita a gaban manya abu ne mai kyau, amma kada ta hana ka tambaya.

Batun biza: kwaleji za ta aiko maka da takardar I-20 mai tabbatar da ta ɗauke ka, ka biya dala 350 kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje ta gwamnatin Amurka, ka nemi bizar ɗalibai ta F-1. Dokokin biza ga 'yan Najeriya suna sauyawa, don haka kafin ka kashe ko kwabo ka duba sanarwar ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja, ka kuma tuntuɓi masu ba da shawara na EducationUSA. Kada ka ba dillali kuɗi. Da ka isa, dole ka ɗauki aƙalla yunit 12 kowane zango, darasi ɗaya tak na intanet ake lissafawa a ciki, aiki kuma a harabar makaranta ne, bai wuce sa'a 20 a mako ba lokacin karatu. Idan jami'a ta ɗauke ka, ofishin ɗaliban waje na kwalejin ne zai miƙa mata bayananka na SEVIS, ta ba ka sabuwar I-20.

Ka gaya wa iyayenka gaskiya tun farko: digirin farko ba ya mai da mutum mai duba marasa lafiya. A Amurka sai da digiri na biyu ake zama mai ba da shawara, lasisin cikakken masani kuwa yawanci sai da na uku. Idan gida za ka dawo, za ka kai takardunka Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja a tantance su kafin bautar ƙasa. Jami'ar Jos tana da tsohon sashe na wannan fanni inda za ka iya ɗorawa. Aiki kuma yana nan jibge: sai a Janairu 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, kuma a unguwanninmu har yanzu akwai manya da suke firgita da dare tun suna yara, ba wanda ya taɓa zama ya saurare su.