Yadda na gyara zafin Camry ɗina ba tare da an buɗe inji ba

Camry ce ƙirar 2005, wadda ake ce wa Big Daddy, da ita nake kai yara makaranta. A kan hanyar Zariya lafiya ƙalau take tafiya, amma da na shiga cunkoson cikin Kano sai allurar zafi ta fara hawa, har tururi ya taso daga lagireto.

Bakaniken farko ko lalube bai yi ba ya ce, "Alhaji, gaskit ne ya ƙone, sai an sauke kan inji." Gaskit shi ne shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Kuɗin da ya yanka ya kusa na makarantar yaran zango guda. Na ce bari in yi shawara.

Abin da ya tsaya mini a rai: me ya sa ba ta zafi sai a tsaye? A guje iska ce ke sanyaya lagireto, a tsaye kuwa aikin fanka ne. Na ta da motar, na kunna AC don fanka ta tashi, na leƙa. Fanka ko motsi. Mai gyaran wayar mota ya duba fiyus, lafiya. Ya zare rilen fanka, wato ɗan makunnin da ke ba ta wuta, ƙafafunsa sun yi baƙi ƙirin. Ya sa wani mai lamba iri ɗaya, nan take ta fara juyawa.

A kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa na sayo rilen, bai kai kuɗin rabin tankin mai ba har da ladan aiki. Mai gyaran ya so ya haɗa fankar kai tsaye, ta riƙa juyawa ba tsayawa, na ƙi. Ruwan leda da nake ɗura wa motar kuma na zubar, na zuba ruwan lagireto na kanti.