Darasi na 9: Yadda ake ƙona fayil ɗin ISO a kan faifai

Wani ɗalibinmu da ke koyon aiki a shagon kwamfuta wajen Ƙofar Ƙaura ya shigo aji da faifai uku a aljihu, ransa a ɓace.

"Malam, sau uku ina tura Windows a faifai, kwamfutar ta ƙi tashi da ko ɗaya."

Muka sa faifan a kwamfuta muka duba. Fayil ɗaya ne tal a ciki, sunansa ya ƙare da .iso. Nan matsalar take. Fayil ɗin ISO hoton faifai ne sukutum, an tattara duk abin da ke cikinsa, har da ɓangaren da kwamfuta ke karantawa ta tashi, an ɗaure wuri ɗaya. Shi kuwa ya kwafe shi ne kamar yadda ake kwafar waƙa. Ya zuba damin gero a tukunya bai sussuka ba, yana jiran fura. Dole manhaja ta kwance ɗaurin, ta shimfiɗa komai a mazauninsa.

Kafin ka sayi faifai, duba girman fayil ɗinka. CD yana ɗaukar megabait 700, DVD gigabait 4.7, mai hawa biyu kuma 8.5. Windows na zamani ya fi ƙarfin CD, wani ma ya fi ƙarfin DVD na gama-gari. Duba rubutun da ke jikin faifan kuma. Mai harafin R sau ɗaya ake rubuta shi, in ya lalace sai shara. Mai RW ana gogewa a sake, don haka shi ya dace da mai koyo.

Tun daga Windows 7 ba ka buƙatar wata manhaja. Sa sabon faifai a ma'ajinsa, ɓangaren mai ƙyalli yana kallon ƙasa. Kai linzami kan fayil ɗin, danna maɓallin dama, zaɓi Burn disc image. Ƙaramin akwati zai fito. Sa alama a wurin da aka rubuta Verify disc after burning, wato kwamfuta ta sake karanta faifan bayan ta gama ta tabbatar bai sami tangarɗa ba. Sannan danna Burn. Masu shago da yawa suna tsallake wannan alamar don sauri, ni kuwa ban yarda ba: minti biyar ne, gara su da kwastoma ya dawo daga Daura da faifan da ba ya aiki.

Me ya sa ake cewa ƙonawa? Akwai wani siririn haske mai zafi a cikin na'urar, shi ke ƙona ƙananan tabo a shafen sinadarin da ke cikin faifan. In aka katse aikin a tsakiya, faifan R ba gyara. Saboda haka kada ka fara sai batirin laftof ya cika, ko janareta yana da mai. Mun san halin NEPA. Kada ka jijjiga teburi, kada ka buɗe wasu ayyuka. In kana amfani da ImgBurn, manhajar ƙona faifai wadda kyauta ce, rage gudun rubutun zuwa 4x ko 8x.

Da faifan ya fito, riƙe shi ta gefe da ramin tsakiya. Rubuta sunansa da alƙalamin maka mai taushin baki a saman, ban da biro, tsininsa na iya huda shafen CD. Ƙurar hunturu da ranar Katsina abokan gabarsa ne, sai a mayar da shi gidansa. In ya yi datti, goge da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki.

Aiki: Fayil ɗinka gigabait 3 ne. Wane faifai za ka saya? Rubuta amsar a littafinka, ka zo da faifan RW guda ranar Asabar.