Kurakuran da Magidanta ke Yi Wajen Ƙaura da Iyali Zuwa Ƙasar Waje

Ƙaura ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Yawancin Hausawan da ke zaune a Garwa, Marwa da Ngaundere a Kamaru, da Njamena a Chadi, jikokin waɗanda suka ɗaure kaya ne suka taso daga ƙasar Kano, Katsina ko Sakkwato, wasu don fatauci, wasu kuma da niyyar sauke farali ta hanyar Abeche da Sudan, har suka yada zango a hanya, zangon ya zama gari. A wancan zamani abin da mai ƙaura yake bukata shi ne guzuri, ayari da mai masauki, kuma da zarar sarkin Hausawa ya karɓe shi magana ta ƙare. Yau hukuma ce ke karɓar baƙo, kuma da takarda take karɓarsa, shi da kowane mutum guda da ke ƙarƙashinsa. Akasarin kurakuran da nake gani a unguwarmu daga nan suka samo tushe: muna shirya tafiyar wannan zamani da lissafin kakanninmu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaɓen ƙasa da albashin mutum ɗaya. Wani ɗan unguwa ya dawo hutu da babbar waya da sababbin kaya, ya faɗi abin da yake samu a wata, sai mai gida ya juya kuɗin zuwa sefa a ransa, ya ga ya ninka nasa sau uku, daga nan ya yanke shawara. Ba ya tambayar ko wancan ɗin shi kaɗai yake zaune, ko su shida suke kwana a ɗaki guda suna girki a tukunya ɗaya. Ƙasar da ke maraba da ƙarfin namiji ba lallai ne ta yi maraba da matarsa da 'ya'yansa ba, kuma Saudiyya, wadda zukatanmu suka fi karkata gare ta, ita ce misali mafi kusa. Zaman baƙo a can a ɗaure yake da igama, wato katin izinin zama, igama kuma a ɗaure take da wanda ya ɗauke shi aiki, sannan ba kowane irin aiki ke ba mutum damar kawo iyali ba. Tun daga watan Yuli na 2017 aka sanya haraji a kan kowane mutum da baƙo yake riƙe da shi, an fara da riyal 100 a wata, ya kai riyal 400 a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu ke nan zai fitar da riyal 2,000 kowane wata tun kafin ya biya haya ko ya sayi buhun shinkafa. Haihuwa a ƙasar ba ta mai da ɗan baƙo ɗan ƙasa, bizar umra kuma ba izinin zama ba ce, ko da mutum ya shekara ashirin yana ɓuya da ita. Na san wani gida da aka dawo da su bayan dogon zama irin wannan. Yaran suna jin Larabci da Hausa, ba su san kalma ɗaya ta Faransanci ba, ba su da takardar haihuwa ta can balle ta nan, kuma babbansu, da gemunsa ya fara fitowa, ya rasa ajin da za a ajiye shi.

Gyaran wannan shi ne a auna ƙasa da mizanin mafi rauni a gidan. A binciki ko doka ta ba wa mata da yara izinin zama da sunansu, ko makaranta za ta karɓi yaran kuma da wane harshe, wa zai biya idan uwargida ta zo haihuwa ko yaro ya kwana a asibiti, sannan me zai faru da iyalin ranar da mai gida ya rasa aikinsa ko ya rasu. Amsar tambaya ta ƙarshen nan ita ce ke bambanta ƙasar neman kuɗi da ƙasar zama, kuma babu aibi idan mutum ya gano cewa wadda yake so ta neman kuɗi ce kawai, ya tafi shi kaɗai na 'yan shekaru ya bar iyali inda suke da gata.

Na biyu, kuma a nan zan daɗe, shi ne wasa da takardun gida. Dokar Kamaru ta ba da kwana 90 a yi rajistar haihuwa, amma a arewa yara da yawa ana raɗa musu suna, a yanka rago, a watse, ba wanda ya taka ma'aikatar magajin gari. Sai yaro ya kai jarrabawar ƙarshen firamare, ko tafiya ta taso, sannan a shiga neman hukuncin kotu da zai maye gurbin takardar, abin da ake kira jugement supplétif, wanda kan ci makonni ko watanni. Wasu don gudun wannan jira sukan ba wani kuɗi ya "shirya" musu takarda a cikin kwana biyu. Ofisoshin jakadanci sun san da wannan, sukan aika a duba ko lambar takardar tana cikin kundin da aka ce daga cikinsa ta fito, kuma takarda guda ta jabu tana iya rushe bukatar gida gaba ɗaya har ta bar wa mutum tabon da zai bi shi shekaru.

Ko takardun na gaskiya ne, akwai matsalar rubutun suna, wadda mu da ake rubuta sunayenmu da ƙa'idar Faransanci muka fi kowa faɗawa cikinta. Wani aminina ya hau jirgin ƙasa na dare daga Ngaundere zuwa Yawunde da jakar takardun mutum shida a cinyarsa, bai runtsa ba don tsoron kada a ɗauke. Da ya miƙa su, ma'aikaciyar ta jera uku a kan tebur ta nuna masa da bakin alƙalami: a katin shaidarsa Mohamadou ne, a takardar aurensa Mahamat, a takardar haihuwar 'yarsa kuma sunan uba Mouhamadou. A wurinsa duk Muhammadu ne, sunan da aka raɗa masa. A wurinta mutum uku ne, kuma ba ta da ikon haɗe su. Haka ya sake hawa jirgin ya koma, aka shiga gyara ta kotu, damar shekarar ta wuce. Shawarata ita ce tun shekara guda kafin tafiya mai gida ya shimfiɗa tabarma, ya baje takardun kowa, ya bi su harafi bayan harafi, suna da ranar haihuwa da wurinta, musamman na dattawan da aka rubuta musu shekara kawai ba wata ba rana. Ya kuma sa kuɗinsu a lissafi, domin fasfon Kamaru tun 2021 sefa 110,000 ne, wato gida mai mutum bakwai zai kashe 770,000 a kan fasfo kaɗai, ban da allurar shawara da kuɗin biza.

Aure ma haka yake. Ɗaurin auren da aka yi a masallaci ko a zaure, da waliyyi da shaidu da sadaki, cikakke ne a addini, amma jami'in biza takardar magajin gari yake nema. Yin ta ana gobe tafiya, bayan shekara goma sha biyar da aure da 'ya'ya biyar, yana jawo tambayoyin da da an yi ta da wuri ba za su taso ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da ba a son faɗa a fili, wato gidan da ke da mace fiye da ɗaya. Kamaru da Chadi sun amince da irin wannan aure a hukumance, amma Faransa tun 1993 ba ta barin mutum ya kawo mace ta biyu ta hanyar haɗa iyali, Kanada da Amurka ma mace ɗaya suka sani. Kuskuren da ake yi shi ne a ɓoye ɗaya, ko a rubuta 'ya'yanta da sunan kishiyarta, ko a ƙi ambaton wasu yaran da niyyar a ɗauko su daga baya. A Kanada ɗan da ba a bayyana shi a takardar farko ba yana iya rasa damar a ɗauko shi har abada, kuma a cacar bizar Amurka rashin lissafa ɗa guda da bai kai shekara 21 ba ya isa a soke nasarar. Ban da haɗarin doka, ina ganin zalunci ne a raba uwa da 'ya'yanta a kan takarda, ko a bar baiwar Allah a gida ba saki ba zama, tana jiran alkawarin da dokar waccan ƙasa ba za ta taɓa bari a cika ba. Mai mata biyu ya cire waɗannan ƙasashe daga lissafinsa tun farko, ko kuma ya zauna da matan da waliyyansu a faɗa wa juna gaskiya kafin a sayi tikiti. A kula da shekarun yara kuma: Faransa sai mutum ya yi wata 18 da izinin zama, yana da isasshen albashi da gida mai faɗin da doka ta ƙayyade, kafin ya nemi kawo iyali, kuma yaron da ya cika 18 kafin a shigar da bukatar ya fita daga ciki.

Waɗanda suka zaɓi maƙwabta suna da nasu kuskuren, wato ɗaukar shiga ba biza a matsayin izinin zama. Tun 2017 ɗan Kamaru ko ɗan Chadi yana iya shiga sauran ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin tsakiyar Afirka, wato Gabon da Kongo da Afirka ta Tsakiya da Gini Ikwatoriya, ba tare da biza ba, amma na wata uku ne kawai, bayan haka sai da katin zama. Gabon ma a 2025 ta sanar da keɓe wasu ƙananan sana'o'i ga 'yan ƙasarta, irin waɗanda mutanenmu suka saba rayuwa da su a Libreville. Najeriya kuwa, da yake harshe ɗaya ne kuma dangi na ko'ina daga Yola har Kano, mutum yakan manta cewa wata ƙasa ce, mai kuɗinta da tsarin karatunta. Sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, naira kuwa an sake ta a watan Yuni na 2023, ta faɗi daga wajen 460 a kan dala ta wuce 1,500 a 2024. Wanda ya sayar da gidansa a Garwa ya canza kuɗin duka zuwa naira gab da wannan lokaci ya ga jarinsa ya narke yana kallo. A riƙa canza kuɗi kaɗan kaɗan gwargwadon bukata, a bar sauran inda yake.

Game da dillalan biza ba zan tsawaita ba. Duk wanda ya ce a ba shi miliyoyi zai kawo biza tabbas, cinikin biri a sama yake yi da kai, domin babu mai ikon ba da ita sai ofishin jakadanci. Tsarin Kanada, wanda 'yan Kamaru da dama suka shiga ta cikinsa saboda Faransanci, maki ake tarawa da shekaru da ilimi da gogewar aiki da sakamakon jarrabawar harshe ta TCF ko TEF, kuma kowa na iya karanta sharuɗɗansa kyauta a shafin gwamnatin ƙasar. Dokoki kuma suna juyawa: a watan Yuni na 2025 Amurka ta rufe ƙofarta ga 'yan Chadi, don haka labarin wanda ya tafi shekara biyar da suka wuce ba hujja ba ce a yau. Hanyar hamada zuwa Libiya kuwa, bai kamata mai hankali ya ɗora mace da yaro a kanta ba ko da wane dalili.

Akwai kuma kuskuren yanke shawara a majalisar abokai a bar uwargida ta ji daga baya. Ita ce za ta wuni a ɗaki a garin da ba ta jin harshensa, ba maƙwabciyar da za ta leƙo, ba uwa ko ƙanwar da za ta riƙe mata jariri ranar wankan jego, kuma ita ce za ta fara ganin abin da sabon wuri yake yi wa tarbiyyar yara. Ya kamata ta san tun a gida cewa a makarantun gwamnati na Faransa an hana ɗalibai sanya hijabi tun 2004, ta san nisan masallaci da makarantar allo, ta san cewa sanyin Kanada yakan sauka ƙasa da sifili na watanni. Yaron da ya kusa rubuta jarrabawar BEPC ta ƙaramar sakandare ko bakaloriya ta babbar sakandare gara a bar shi wurin kawunsa ya ƙarasa, maimakon a tsige shi a tsakiyar shekara a kai shi inda karatu da Turancin Ingilishi ko Larabci ne ya koma baya aji biyu. Idan hali ya yi, mai gida ya fara yin gaba, ya samu aiki da ɗaki da izini, ya ga wurin da idonsa a lokacin zafi da na sanyi, domin gani ya kori ji, sannan a taso da iyali a lokacin babban hutu.

Saura maganar abin da aka bari a baya. Dokar zama ɗan ƙasa ta Kamaru, ta 1968, ta tanadi cewa baligin da ya karɓi zama ɗan wata ƙasa da son ransa ya rasa na Kamaru, don haka wanda ya karɓi zama ɗan Kanada ko Faransa da biza zai dawo gaida mahaifiyarsa a Marwa. Mutane da yawa ba sa jin wannan sai bayan sun sa hannu. Kafin a kai ga nan, gida da gona da filin gado a yi musu takardar mallaka da sunan mai su, a rubuta wakilci a gaban hukuma ga wanda zai kula da su, a fayyace masa abin da yake da ikon yi da wanda ba shi da shi, ko da kuwa ɗan'uwa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Gidan da iyali ke ciki kada a sayar da shi don kuɗin jirgi. A sa haya a ciki, a ajiye kuɗin hayar a asusun da ba a taɓawa, har ya kai adadin tikitin dawowar kowa da kowa.