Yadda Za Ka Gane Inda Garinku Ya Karkata a Siyasa, da Waɗanda Ba Su Fita Zaɓe

Ni malamin firamare ne a wani ƙaramin gari da ke kudu da birnin Sakkwato. Tun zaɓen 2015 nake da littafi mai baƙin bango wanda nake rubuta sakamakon rumfunan zaɓen garinmu a ciki. Abin da ya sa na fara shi, na gaji da jin mutane a majalisa suna rantsuwa cewa "garin nan namu ne kaf", alhali babu wanda ya taɓa ƙirgawa. In kana son sanin gaskiyar garinku, ga yadda nake yi.

Da farko ka cire taron kamfe daga lissafi. Motoci ake cikowa daga ƙauyuka, kuma yaron da ya ɗaga tsintsiya ranar Litinin, shi za ka gani riƙe da lema ranar Alhamis. Abin da za ka nema takarda ce guda, fom EC8A, wadda jami'in zaɓe yake cikawa a kowace rumfa bayan an ƙirga ƙuri'u, wakilan jam'iyyu su sa hannu. Ka tsaya har a gama ƙirga, ka ɗauki hoton sakamakon da aka liƙa a bango. In ya wuce ka, na 2023 suna shafin IReV na hukumar INEC: ka zaɓi jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, sannan rumfa. Wasu hotunan sun yi dishi-dishi, don haka nakan tambayi wakilin jam'iyya kwafinsa in gwada.

Lambobi uku nake fara kwafewa: masu rajista, waɗanda na'urar BVAS ta tantance, da ƙuri'un da aka kaɗa. Ka raba waɗanda aka tantance da masu rajista, ka ninka da ɗari. A ce rumfa tana da mutum 750, aka tantance 210, to kashi 28 cikin ɗari ne suka fito. Kada ka yi mamaki, a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ƙasar gaba ɗaya kusan kashi 27 ta samu. In kuwa ka ga ƙuri'u sun fi waɗanda aka tantance yawa, ka ja layi a ƙarƙashi, domin dokar zaɓe ta 2022 ta ce a soke sakamakon irin wannan rumfa.

Sai ka rubuta ƙuri'un kowane ɗan takara, da sunansa, ba jam'iyya kaɗai ba. A Sakkwato mutum ake bi fiye da tuta. Aliyu Magatakarda Wamakko ya ci gwamna a PDP a 2007, daga baya ya koma APC da jama'arsa. Aminu Waziri Tambuwal ya ci a APC a 2015, ya koma PDP a 2018. In tuta kaɗai ka rubuta, sai ka ɗauka garin ya juya, alhali yana nan bayan ubangidansa. Kuma kada ka gwama zaɓen shugaban ƙasa da na gwamna: ranar 25 ga Fabrairu 2023 Atiku Abubakar na PDP ne ya ci jihar da ƙyar, bayan mako uku, ranar 18 ga Maris, Ahmed Aliyu na APC ya ci gwamna.

Yanzu aikin da ya fi muhimmanci a wurina, wato sauran mutum 540 ɗin can cikin 750 na misalinmu da ba su zo ba. Su wa ye? Takarda ba za ta faɗa maka ba, sai ka taka da ƙafa. Ka fara da mai unguwa da limami, su ne suka san wanda ya rasu sunansa na nan a rajista. Sannan 'yan ci-rani. Zaɓe a rani ake yinsa, lokacin da samarinmu suke Legas da Ibadan da Abuja, katinsu kuwa na gida ne, kuɗin motar zuwa da komawa ya fi ƙarfinsu. A 2023 ƙarancin takardun naira ya ƙara dagula lamarin. Akwai mai albasa a fadama da ba zai bar ban ruwa ba. A gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni, akwai waɗanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, rumfarsu tana can inda suka baro.

Layin mata kuwa, shi nake zura wa ido. Na ga wata gwaggona ta iso da hantsi, ga goyon jika, ga katinta a ƙulle a bakin zane. Na'ura ta ƙi karanta yatsanta, aka ce ta koma gefe a gwada fuska. Rana ta take, ta ce, "Ɗana, tuwon yara na jira na," ta tafi. A takarda an rubuta ta cikin waɗanda ba su damu ba, abin da har yau yake min ciwo. Don haka ka nemi wata 'yar'uwarka ta shiga gidaje ta tambayi mata, kai ba za su buɗe maka ciki ba. Kada a tambayi kowa wa ya zaɓa. Tambaya biyu ta isa: kin fita? In ba ki fita ba, me ya hana?

Duk wanda ya ce maka wannan ɓata lokaci ne, ka tuna masa da zaɓen gwamna na 2019: bayan an ƙarasa zaɓen a wasu rumfuna, ƙuri'a 342 ce ta raba Tambuwal da Ahmed Aliyu a jiha mai ƙananan hukumomi 23. Waɗanda suka zauna gida a rumfa ɗaya tak suna iya fin haka.

In ka gama, ka ware sunayen 'yan ci-rani da masu gudun hijira daban. Da zarar INEC ta buɗe rajista, ka kira su ɗaya bayan ɗaya, ka gaya musu ana iya mayar da kati zuwa inda mutum yake zaune, su je ofishin hukumar na ƙaramar hukumar da suke kafin a rufe.