Yadda na gyara batirin motar ɗaga kayanmu

Motar ɗaga kaya da muke loda siminti da buhunan gero da ita a magazarmu nan Damagaram mai batir ce, volt 48. Da zafin Afrilu ya kankama, sai ta fara kasawa tun kafin azahar, da ƙyar take ɗaga lodi. Har maigida ya fara zancen sayo sabon batir daga Kano, abin da kuɗinsa ba wasa ba.

Na buɗe murafan batirin. Batirin na dalma da asid ne, gidaje 24, kowanne volt 2. A gidaje da dama ruwa ya ja baya har farantan dalmar da ke ciki sun fito fili, ga farin gari ya daskare a kawunan wayoyi. Zafi ne ke shanye ruwan, kuma da rana tsaka ake jona ta a caji ƙarƙashin kwano, batir na ta tafasa.

Na wanke kawunan da ruwan bikarbonat, na ɗaure su tam. Tataccen ruwan batir na zuba iyakar abin da zai rufe farantan, sai da caji ya cika sannan na ƙarasa, don in aka cika tun farko asid tumbatsowa yake. Ruwan pampo kam ban yarda da shi ba, gishirinsa na lalata faranti. Daga nan na yi mata dogon cajin daidaitawa, wato cajin da ke kawo duk gidajen daidai da juna, har ma'aunin asid ya nuna kusan 1.28 a kowane gida, alamar caji ya cika.

Yanzu da dare muke caji, a wuri mai iska. Na ce wa direba: "Malam, in cajinta ya sauka zuwa kashi 20 cikin 100, ka tsayar da ita." Tana kai mu magariba da lodi.