Babi na Biyar: Majalisar Sarakuna ta Arewa a Zamanin Turawa

Darasi na 1: Majalisu biyu ne

Ku buɗe littafin rubutunku, ku ja layi ɗaya a tsakiyar shafi, daga sama zuwa ƙasa. A tsaye za ku ja shi, ba a kwance ba. Yanzu shafin ya kasu biyu. A gefen dama ku rubuta Majalisar Sarakuna, a gefen hagu ku rubuta Majalisar Wakilai. Wanda hannunsa ke rawa kada ya damu, ya bi a hankali, ba tsere muke ba.

A zamanin Gwamna Arthur Richards aka yi tsarin mulkin da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1947. Ku ɗora yatsa a kan lambar nan, ku kirata lamba-lamba: 1, 9, 4, 7. Tsarin ne ya ba Arewa waɗannan majalisu biyu, kuma a Kaduna suke zama. Ta sarakuna ita ce ta sama, ta wakilai ita ce ta ƙasa. Da fari shawara kawai suke bayarwa, Bature ke yanke hukunci. Sai a tsarin Gwamna Macpherson na 1951 suka sami ikon yi wa Arewa doka.

Darasi na 2: Wa ke shiga, kuma har yaushe?

A gefen dama ku rubuta wannan: duk sarki mai sanda mai daraja ta ɗaya yana da kujera. Ba a jefa masa ƙuri'a, ba ya yawon neman goyon baya. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da Shehun Borno, da Sarkin Gwandu, da Sarkin Kano Abdullahi Bayero, da Sarkin Katsina Usman Nagogo, duk sarautarsu ce ta shigar da su. Sarakuna masu daraja ta biyu kuwa ba duka ke shiga ba. A tsarin 1947 su ke zaɓen waɗansu daga cikinsu, ba ƙasa da 10 ba, kuma an ƙara yawansu a 1951. Babban Baturen da ke riƙe da Arewa shi ke shugabantar zama a farkon lamarin.

To, ga inda ake tuntuɓe, sai ku natsu. In aka tambaye ku, har yaushe sarki mai daraja ta ɗaya zai zauna a majalisar nan, kusan kowa cewa yake har mutuwa. Ba haka ba ne. Amsar ita ce: muddin yana kan sarauta. Ku faɗa da ƙarfi. Muddin yana kan sarauta. Ku sake faɗa, sannan ku rubuta.

Dalili kuwa, kujerar ta sarautar ce, ba ta mutumin ba. Kamar dai limancin masallacin Juma'a ne, wanda ke riƙe da shi shi ke hawa mumbari, ranar da ya bari sai wani ya hau. Mutuwa hanya ɗaya ce kawai ta barin sarauta. Akwai murabus, akwai tuɓewa.

Mu duba Kano. Abdullahi Bayero ya rasu a 1953, ɗansa Muhammadu Sanusi ya gaje shi, kujerar majalisa ta koma gare shi. A nan mutuwa ce ta raba. Amma a 1963, bayan an sami 'yancin kai majalisar na nan tana aiki, Sanusi ya sauka daga sarautar Kano da ransa da lafiyarsa, ya koma Azare da zama. Ya tafi da kujerar? Bai tafi da ita ba. Me ya sa? Domin ba ya kan sarauta. Haka a Adamawa, a 1953 Lamiɗo Ahmadu ya bar gadon sarauta yana raye, Aliyu Musɗafa ya hau.

Yanzu ku rufe littafin, kowa ya tambayi na kusa da shi: har yaushe? Madalla da wanda ya ce muddin yana kan sarauta. Wanda ya ce har mutuwa, ba laifi, ya koma kan labarin Sanusi ya karanta daga farko. Amma fa in kun sake kawo mini har mutuwa a jarrabawa, bayan duk wannan nanatawa, to ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, bita ce ba ku yi a gida. Haba jama'a, mutum da furfura a ka, ya riƙe lissafin bashin kasuwa na shekara ba takarda, a ce kalmomi huɗu sun gagare shi? Ku sake rubuta su sau biyar.

Darasi na 3: Gefen hagu

Ɗan Majalisar Wakilai yana da wa'adi. Daga 1951 zaɓe ke kawo mafi yawansu, kuma an yi zaɓen Arewa a 1951 da 1956 da 1961. Ku ɗebe 1951 daga 1956. Abin da ya rage shi ne wa'adin, shekara 5. Ku rubuta shi a hagu. Kada ku kai 5 ɗin nan gefen dama, can kun san abin da ke rubuce.

Darasi na 4: Ƙarshenta

Arewa ta sami mulkin kai ranar 15 ga Maris 1959. Majalisar Sarakuna ta ci gaba har Janairu 1966, lokacin da soja suka karɓi mulki. Ku kwafi shekarun biyu.

Darasi na 5: Aikin gida

Ku rubuta sunayen sarakuna uku daga darasi na 2. A ƙarƙashin kowane ku rubuta har yaushe zai zauna a majalisa. Ku zo da fensir mai kaifi.