Yadda za ka yi in mai musun kisan kiyashin Yahudawa ya faɗo maka muƙala a Wikipedia

Duk wanda ya ɗan jima yana gyara a Wikipedia zai gamu da wannan ranar, ka buɗe muƙalar da kake bibiya sai ka tarar wani ya zo ya liƙa "wai" a gaban adadin Yahudawa miliyan 6 da 'yan Nazi suka kashe, ko ya ƙara "kamar yadda ake iƙirari", kana cirewa ya dawo da shi yana ce maka ai Wikipedia ba ta ɗaukar ɓangare, dole a ji ta bakin kowa. Maganar tana da daɗin ji shi ya sa take rikita sababbin editoci, har mutum ya fara tunanin ko shi ne bai yi adalci ba.

To ka fara gane dokar kanta. Rashin ɗaukar ɓangare a Wikipedia ba raba daidai ba ne tsakanin duk wanda ya buɗe baki, abin da dokar ta ce shi ne kowane ra'ayi a ba shi wuri gwargwadon nauyinsa a ingantattun majiyoyi. Inda masana suka rabu biyu, ka kawo duka biyun. Inda babu saɓani a tsakaninsu kuwa, ka rubuta abin kai tsaye ba tare da "wai" ba. Cewa gwamnatin Nazi ta Jamus da masu taya ta sun kashe Yahudawa kusan miliyan 6 a lokacin yaƙin duniya na biyu yana cikin kashi na biyun nan. Masana tarihi suna muhawara fa, amma kan wasu abubuwa daban, kamar yaushe aka yanke shawarar kisan, ko adadin ya fi kusa da miliyan 5.1 da Raul Hilberg ya ƙiyasta ko ya kai miliyan 6. Wannan muhawarar tana da gurbi a muƙala. Cewa abin bai faru ba sam ba ta da shi, sai a muƙalar da aka ware don bayanin masu musun, can ma a matsayin abin da ake bayani a kansa.

Abu na farko a aikace, kar ka shiga ja-in-ja da maɓallin mayarwa. Ka mayar sau ɗaya, ka rubuta dalili a taƙaice, in ya sake dawowa ka wuce shafin tattaunawa. A Wikipedia ta Turanci in ka mayar da gyara fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 za a iya toshe ka ko da kai ke da gaskiya, kuma wallahi wasu abin da suke jira ke nan, su tunzura ka a toshe ka su samu fili. Kafin ka rubuta komai ka leƙa tarihin gudunmawarsa, in ka ga asusun jiya aka buɗe shi kuma ba ya taɓa komai sai wannan batun, ka san da wa kake magana, amma kar ka kira shi da wani suna, ka tsaya kan rubutun.

A shafin tattaunawa tambaya ɗaya ce taka: ina majiyarka? Nan ne yawanci zance ke ƙarewa. Zai kawo maka bidiyon YouTube ko wani shafin intanet, ko mujallar wata cibiya da aka kafa a Kalifoniya a 1978 mai kiran kanta cibiyar bitar tarihi, suna kamar na jami'a amma aikinta musun kisan ne kawai. Ko ya kawo David Irving ya ce ai masanin tarihi ne. Sai ka tuna masa Irving da kansa ne ya kai ƙarar masaniyar tarihi Deborah Lipstadt da kamfanin Penguin da ya wallafa littafinta a kotun Landan kan ta kira shi mai musu, aka baje littattafansa ana bin madogararsa ɗaya bayan ɗaya, a Afrilun 2000 alƙali Charles Gray ya yanke cewa da gangan yake murɗe hujjoji. Wanda kotu ta kama da murɗe hujja ba ya zama majiya kan abin da ya murɗe.

Yana da kyau ka san hujjojinsu tun kafin su kawo, don ba su da yawa, juya su kawai ake yi. Wadda aka fi ji ita ce ta allon tunawa da ke Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi a Poland, za su ce da an rubuta miliyan 4 a wurin daga baya aka rage zuwa miliyan ɗaya da wani abu, to me ya sa ba a rage miliyan 6 ɗin ba? Amsar ita ce miliyan 4 ɗin adadin Tarayyar Sobiyet ne, kuma masana irin su Hilberg tun farko ba su gina lissafinsu a kansa ba, sun haɗa ne daga ƙidayar jama'a kafin yaƙi da bayansa da takardun jigilar jiragen ƙasa da rahotannin 'yan Nazi da kansu. Binciken Franciszek Piper na gidan tarihin Auschwitz ne ya tsayar da kusan miliyan 1.1. Akwai saƙon waya na wani jami'in SS, rundunar 'yan Nazi da ke kula da sansanonin kisa, mai suna Höfle da ya lissafa mutum 1,274,166 da aka kai sansanoni huɗu zuwa ƙarshen 1942, akwai rahoton Babi Yar kusa da Kiev inda 'yan Nazi da hannunsu suka rubuta cewa sun kashe Yahudawa 33,771 a kwana biyu a Satumban 1941. Waɗannan takardun masu kisan ne, ba na waɗanda aka kashe ba. Sai rahoton Fred Leuchter na 1988 da ya ce bai samu isasshen gurbin guba a bangon ɗakunan da ake kashe mutane da gas ba, mutumin ba masanin sinadarai ba ne, kuma cibiyar binciken laifuka ta Krakow ta sake gwajin a 1994 ta samu gurbin gubar.

Ni abin da ya fi damuna ma ba mai musu ƙiri-ƙiri ba ne, shi nan da nan ake kama shi. Mai haɗari shi ne mai gyara a hankali, ya rage adadi nan, ya cire jimla can, ya ɗauke laifi daga kan mutanen ƙasarsa, kuma da madogara a hannunsa. A Wikipedia ta Turanci labarin ƙarya na cewa an kashe 'yan Poland 200,000 da gas a wani sansani a Warsaw ya zauna kusan shekara 15 kafin a cire shi a 2019. A 2023 Jan Grabowski da Shira Klein suka wallafa dogon bincike kan yadda wasu editoci ƙalilan suka karkatar da muƙalolin Yahudawan Poland, kwamitin sasanci na Wikipedia ya buɗe shari'a ya hana wasu taɓa batun. Don haka kar ka yarda da lambar madogara kawai don ka gan ta, buɗe littafin, nemo shafin, karanta ka ga ko ya faɗi abin da aka jingina masa.

Wata magana kuma da na san za ta taso, wani zai ce maka kana kare Yahudawa alhali ga abin da ake yi wa Falasɗinawa. Zafin nan gaskiya ne kuma ina jin sa, amma muƙalar Gaza daban ta 1942 daban, wanda aka kashe a sansanin kisa na Treblinka bai ga kafuwar Isra'ila a 1948 ba balle ya ɗauki laifinta. Ka faɗa masa haka cikin mutunci, ka ce in yana da majiyoyi kan Falasɗinu ya kai su muƙalarsu za ka taya shi.

In tattaunawa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa kar ka tsaya ku biyu kuna maimaita magana ɗaya, ka gayyato wasu editocin su duba, ka kai majiyar dandalin tantance majiyoyi, in ɓarnar ta ci gaba ka roƙi admin, wato edita mai ikon kulle shafi da toshe asusu, ya kulle shafin na ɗan lokaci. A ƙananan Wikipedia inda masu sa ido ba su da yawa abin ya fi sauƙin lalacewa, ta harshen Kuroshiya wasu admin masu tsattsauran kishin ƙasa sun riƙe ta shekaru suna wanke Jasenovac, sansanin kisa na Kuroshiya a yaƙin duniya na biyu, har gidauniyar Wikimedia ta fitar da rahoto a kai a 2021. Duk lokacin da za ka kai ƙara ka haɗa da mahaɗin kowane gyara da kwanan watansa, admin ba zai karanta dogon ƙorafi ba, amma zai danna mahaɗi.